Itatuwan Bayan Ɗakin Inna

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, da kuma aikin asibitin nan da ba ya barin ki zama. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke ta damun ta. Amma tana cin abinci, tana kuma faɗa yadda kika san ta, a wurinta kuwa wannan shi ne alamar sauƙi.

Na zaɓi in rubuto ne in ba direban motar kasuwa, don a waya ba ma gama magana, da mun fara sai a kira ki wajen mara lafiya.

Kin tambaye ni yadda nake ji tun da Allah ya karɓi maigidana na dawo gida. Yaya, zafin rashin miji daban, abin da na tarar a bayan gidanmu daban. Ke tun rasuwar Baba ba ki leƙa gonarsa ba, in kin zo iyakarki tsakar gida. To gonar da kika sani babu ita. Lokacin da wanmu Yaya Dogo ya ba mai tarakta hayarta, ashe sharaɗin mutumin shi ne a cire duk itacen da ke ciki, wai motarsa ba ta iya juyawa. Suka sare ɗorawar nan da muke ɗaura lilo a jikinta, suka sare tsamiya da kanya da gawon tsakiyar gona, suka cinna wa kututturan wuta. Ya noma masara 'yan shekaru da takin zamani, da ƙasa ta gaji ya tattara ya koma wata gonar. Yanzu in kin tsaya a bakin katanga kika duba har ƙarshen gona, babu inuwar da kaza za ta fake. Ƙasar ta yi fari fat, ta yi tauri kamar daɓe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ruwa. Da yake babu abin da zai tare shi, ruwan damina ya yanki hanya ta tsakiyar gonar har ta zama kwazazzabo, bakinsa kuwa kullum matsowa yake wajen ɗakin Inna. Bangon ya fara tsagewa daga ƙasa. Na gaya wa Yaya Dogo, ya ce in ya samu sarari zai turo a jera buhunan yashi. Har yau sararin bai samu ba.

Da na ga haka na je na sami malamin gona, ya biyo ni ya zagaya wurin. Shi ya nuna mini cewa ba duk kututturan ne suka mutu ba. Waɗansu suna toho duk shekara, awaki ne ke cinyewa. Ya koya mini in zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi in bari, in sassabe sauran, in kewaye da ƙaya. Inda babu kututture kuwa sai dai dashe. Yanzu haka duk ledar ruwan da na gani a hanya tsinta nake, in cika da ƙasa da taki in sa iri. Ƙwallon tsamiya da ɗorawa sai na jiƙa su a ruwan zafi kafin su yarda su fito. Na gawo kuwa, kada ki yi dariya, a cikin kashin awaki nake tsinto shi, don wanda ya bi ta cikin akuya ya fi saurin tsirowa. Inna ta ce ta haifi 'ya'ya mata biyu duk ma'aikatan jinya, ɗaya tana jinyar mutane, ɗaya tana jinyar ƙwallon tsamiya.

Ga roƙona. In akwai tsofaffin gidajen sauro da kuka daina amfani da su, ki tara mini, ko sun yayyage ba komai. Zan riƙa rufe dashen da su saboda dabbobi.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata abar ƙauna,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jikin maigidan, da kika ce hawan jini ya taso masa? Allah ya ƙara sauƙi. Inna tana gaishe ki, ta ce maganin shafawar da kika aiko ya fi na baya aiki, sai dai in ta shafa ko kyanwa ba ta shiga ɗakin.

Gidajen sauron sun iso tun bara, ban yi miki godiya yadda ya kamata ba. Da kin ga gonar bayan na kakkafa su, sai ki ce an kwantar da marasa lafiya a fili. Masu wucewa suka samu abin dariya, har akwai wanda ya tsaya ya tambaye ni ko itatuwan nawa zazzaɓi suke yi. Na ce masa e, kuma wanda ya sa musu ciwon ɗan gidanmu ne.

Ranin nan na ji jiki. Tun kafin rana ta yi zafi nake jan ruwa a rijiya, in ɗauki jarka zuwa gona, in dawo in sake. Tafin hannuna ya yi kanta har allura ba na iya riƙewa sosai. Gara kuma ta shiga tsamiyoyin. Sai ki ga dashe a tsaye kore shar, ki taɓa shi ya faɗi, ciki duk ƙasa. Sai da na fara zuba toka a gindinsu abin ya lafa. Wannan duk ban damu ba, gara ba ta san ni ba, ba ta kuma yi don ta ɓata mini rai ba.

Abin da ya ƙona mini rai na Yaya Dogo ne. Ya sayo raguna zai yi kiwo ya sayar, ya sa aka sauke su a gidan nan ba tare da ya tambaye ni ba, aka ɗaure su da wata ruɓaɓɓiyar igiya. Ranar da na kai Inna a duba mata ƙafa, muka dawo muka tarar sun tsinke sun faɗa gona. Ɗorawar da na raina tun tana leda har ta kai gwiwata, sun cinye ta har ƙasa, sun yayyaga gidajen sauron da ƙaho. Na zauna a wurin na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ranar da aka fita da maigidana.

Da ya zo na nuna masa, ko kallon wurin bai yi da kyau ba. Ya ce, "Auta, gonar nan ta gado ce, ba wanda ya sa ki wannan wahalar. Itacen da sai kin tsufa zai yi 'ya'ya, wa kike dasa wa?" Ya san ban haihu ba, ya kuma san inda maganar za ta sauka. Inna tana daga ɗaki ta ji. Ta ce masa shi ya sare, ni ina mayarwa, in ba zai kama mini ba to ya kwashe ragunansa kafin rana ta faɗi. Ya kwashe su, ya tafi ko abincin da na zuba masa bai taɓa ba.

Kada ki ce duk baƙin labari nake kawo miki. Itatuwan gawon da suka toho daga kututture sun wuce tsayina. Na jera duwatsu a cikin kwazazzabon, ruwa ya fara ajiye ƙasa a bayansu maimakon ya kwashe, har ciyawa ta fito a inda da ko tsinke babu. Na sake sa sabon irin ɗorawa a leda.

Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Kwanan baya Yaya Dogo ya zo da wani mutum mai farar mota, ba su shigo sun gaida Inna ba, suka bi iyakar gona suna nune-nune. Da na tambaye shi ya ce abokinsa ne, iska suka fito sha. Ban yarda ba. Yaya, ke ce babba a cikinmu mata, kuma yana jin nauyinki fiye da ni. In wata magana ta taso a kan gonar nan, ina roƙon ki tsaya tare da ni.

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Auta


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa gida lafiya, kun kuma tarar da yara lafiya. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi shiru. Har yanzu in na dafa abinci sai in ga na ɗauko kwanonta.

Kwanakin da kika yi a nan na so in ja hannunki mu zaga baya, amma kullum kina cikin mutane, ko kuwa kina ɗaki da Yaya Dogo kuna magana ƙasa-ƙasa. Na ce hidimar baƙi ce ta sha muku kai, ban matsa ba. Da kin fita da kin ga abin da shekarun nan suka yi. Kanya ta kama, tsamiyoyin da suka tsira daga gara sun yi rassa, ɗorawa ta biyu ta kai kafaɗata. Bana na shuka gero a ƙarƙashin gawo, da yake shi da damina yake zubar da ganye, kuma wurin ya fi ko'ina kyau. Tsagar bangon ɗakin Inna da na liƙe ba ta sake buɗewa ba.

A ranin da ya wuce, kafin jikin ya kwantar da ita, Inna takan sa in kai mata tabarma gindin babban gawon da ya toho daga kututture. Inuwar ba ta da yawa, sai mun riƙa jan tabarmar muna bin ta. Takan zauna ta yi ta ba ni labarin wane itace Baba ya tarar, wanne ya dasa da hannunsa. Wata rana ta ce mini ta ɗauka za ta mutu ba ta sake jin kukan kurciya a bayan ɗakinta ba. Ban taɓa gaya miki wannan ba, don ban so ki ji kamar ina yi miki gorin zama da ita.

Yanzu ga dalilin wannan takarda. Jiya Yaya Dogo ya zo ya gaya mini a tsaye cewa mai farar motar nan zai sayi gonar, zai kafa wurin buga bulo da ɗakin ajiyar kaya. Ya ce a raba gado kowa ya san nasa. Ban hana a raba ba, hakki ne. Amma na zauna na duba. Shi yana da rabi, ni da ke muna da rabi. In ya ɗauki ɓangaren bakin hanya, wanda shi mai sayen ya fi so, mu muka haɗa namu a ɓangaren gida, to kusan duk itatuwan sun tsira, kwazazzabon ma yana cikin namu. In kuwa nawa ne kaɗai, ɗan siririn wuri ne a bayan ɗaki.

Ba cewa nake ki ba ni rabonki ba. Naki naki ne, na 'ya'yanki ne. Cewa nake ki bar shi a ƙasa, ni in ci gaba da kula da shi, duk abin da ya fito a kai miki har gida. Bayan maganar ragunan nan kin rubuto mini cewa muddin kina numfashi ba mai taɓa mini dashe. Ban manta ba, na san ke ma ba ki manta ba.

Na gaya wa Yaya Dogo sai na ji daga gare ki. Ya yi wani murmushi ya ce to in jira.

Ina jiran amsarki ta hannun direba.

Ƙanwarki,
Auta


Yaya,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta sa na ji ki shiru. Direba ya ce ya ba ki takardata hannu da hannu, kika ce za ki aiko da amsa. Duk ranar kasuwa sai na fita bakin hanya na tare shi, har ya fara jin kunyata, tun daga nesa yake girgiza mini kai. Na kira ki, sau ɗaya kika ɗauka kika ce kina tsakiyar aiki.

Rani ya yi tsanani bana, rijiya ta ja baya, sai na ƙara wa guga igiya. Ina nan ina ba su ruwa. Masu awon fili sun zo sun kakkafa ƙarafa a gona, na ce musu ba a gama magana ba, suka ce su aiki aka ba su.

Ko layi biyu ne ki rubuto, in san inda nake.

Auta


Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Saƙonki ya iso, takarda da atamfa da takalmi. Na gode. Ina taya ɗanki na fari murnar gurbin karatun da ya samu a ƙasar waje, Allah ya sa albarka, ya dawo da shi lafiya. Wannan addu'a har zuciyata nake yin ta, yaron bai yi mini komai ba.

Takardarki ta zo a makare, na riga na ji. Matar Yaya Dogo ce ta zo ɗaukar tukwanen Inna, tana ɗaure kaya tana hira, ta ce ai ta ɗauka na sani, tun kwanakin zaman gaisuwa kuka gama maganar sayar da rabonki ke da mijinta, a ɗakin Inna, a kan gadonta. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin gishiri. Na taya ta ɗora kayan a ka, na raka ta ƙofa, na dawo na zauna. Ban yi kuka ba, abin ya wuce nan.

Katafila ta zo ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Na ce ba zan fita ba, amma ƙarar ta hana ni zama, na je na tsaya a bakin katanga. Yaya, abin da na yi shekaru ina yi, kafin azahar an gama da shi. Ƙananan ko tsayawa ba ta yi a kansu ba. Babban gawon ne ya ɗan ba ta wahala, sai da ta ja baya ta sake tahowa, da ya faɗi na ga tsawon saiwarsa, ashe abin da ke ƙasa ya fi abin da nake gani a sama. Mai tuƙin ya hango ni ya sauko, ya ce in yi haƙuri, in ina so ya tura mini itacen gefe in samu na girki. Na ce ya tura. Da su nake dafa abinci yanzu, ɗanyu ne, hayaƙi gare su.

Abin da ya rage mini shi ne ɗakin Inna da nawa, da ɗan wurin da ke bayansu. Akwai gawo ƙanana a ciki, da kanya ɗaya, da wata tsamiya da ta karkace tun tana ƙarama. Yaya Dogo ya ce in gode masa da ya bar mini ɓangaren gida. Na gode masa.

Kin rubuta cewa ba ki da yadda za ki yi, karatun yaro ya taso, kuma kin kasa haɗa ido da ni ki faɗa. Na karanta wurin nan na sake karantawa. Da kin kira ni gefe a lokacin kin ce, Auta, ina da buƙata, zan sayar, wallahi da na yi fushi, da na yi kuka, wataƙila da na yi wata ban gaishe ki ba, daga nan ya wuce. Wa zai ce ki fifita itace a kan ɗanki? Amma kin yi shiru. Kin bar ni na yi rani guda cur ina jan ruwa daga rijiyar da ta kusa ƙafewa, ina ba itatuwan da kika riga kika sayar. Kin bar ni ina tare direba a bakin hanya kamar mai bara. Yaya Dogo bai taɓa ɓoye mini halinsa ba, shi tun farko na san inda ya tsaya. Ke ce na jingina da ke.

Kin ce in tattara in dawo wurinki, akwai ɗaki, in taya ki kula da gida tunda ba ni da kowa a nan. Ba zan zo ba. Ban ƙi ki ba, amma ba zan iya zama ina cin abincinki ina kallon fuskarki kullum da wannan abu a ƙirjina ba, ke ma ba za ki ji daɗin zama da ni a haka ba.

Bari in gaya miki abin da zan yi, don kada ki ji a bakin wani. Mai farar mota ya gama katangarsa, ya haƙa rijiyar burtsatse. Shekaranjiya ya aiko a kira ni. Ya ce ya ji labarin ina da hannun dashe, shi kuwa ya sayo itacen turare da furanni zai jera a gaban katanga don wurin ya yi kyau, yana neman mai ba su ruwa. Ko alamar ya san abin da yake faɗa babu a fuskarsa, yana ta fara'a, har da cewa shi mutum ne mai son itatuwa. Na tsaya ina kallon ledojin da aka sauke, a daidai inda ɗorawata take da. Na tambaye shi ko zai bar ni in riƙa ɗibar ruwan burtsatsen ina kai wa nawa na bayan ɗaki. Ya ce in ɗiba iya son raina.

Na karɓi aikin. Dole in ci abinci, gonar da nake nomawa babu ita, bayana kuma ba zai sake ɗaukar wani ranin a bakin rijiya ba. Gobe da safe zan fara. Duk wanda ya wuce zai ga 'yar mai gonar tana ba furannin mai bulo ruwa, na san kuma za a yi magana. A yi.

A ƙarshen takardarki kin roƙi in yafe miki. Uwa ɗaya ta haife mu, kuma ba na so ranar gobe ƙiyama a tsayar da ni da ke a kan wannan. Zan yafe, Yaya. Amma ba yau ba, kuma kada ki turo kowa ya tambaye ni yaushe.

Ki gaida maigidan da yara. Allah ya kai matafiyi lafiya.

Ƙanwarki,
Auta